Ruwan da Ke Gabas da Kabarin Baƙo

Yadda na bar Agadas ba abin ba da labari ba ne. Kowa ya san yadda ake barinta: a bayan mota, ƙafafu na reto, kana rungume da bido, wato jarkar ruwanka. Nawa labarin daga Sabha ya fara, a ƙasar Libiya, inda na share shekaru ina wankin mota a wani garaji kafin maigidan ya gano na fi yaransa iya tuƙi. Sunana Isufu. Ina da zuciya, ba na ɓoyewa, mahaifiyata ma takan ce da fushi na faɗo duniya. Amma Sabha ta koya mini haɗiye magana, don baƙar fata marar takarda ba shi da bakin faɗa a can.

Kewar gida kuwa ba a magana. Wata rana ina tsaka da wanke wata mota sai ƙamshin cuku ya bugi hancina, ashe mai motar daga wajenmu ya taho da shi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na tuna furar da ake dama mana da cuku da dabino, na tuna hasumiyar masallacinmu da ake hangowa tun daga nesa, hawaye suka zubo mini, ni ƙato da gemu. Mutumin bai tambaye ni komai ba. Ya ɓantaro cukun ya danƙa mini a hannu, ya ja motarsa.

Da tafiya ta yi tafiya na samu tawa motar, wata tsohuwar kat-kat da ta ga jiya ta ga yau, na shiga jigilar kaya tsakanin Sabha da Dirku, can ƙasarmu: makaroni, garin alkama, katifu, duk abin da ya samu. Na aika aka kawo mini matata Rakiya muka kama ɗaki. Matsalata ɗaya ce, ban san hanya ba. Sai dai in bi bayan waɗanda suka sani ina shan ƙurarsu, su tashi sanda suka ga dama, su tsaya inda suka ga dama, su kuma haɗa mini da gori. Na lura duk mai shiga gaba yana da wata 'yar na'ura manne a gaban motarsa, jepeyes, mai nuna masa inda yake da inda za shi. Na ce ni ma sai na mallaki tawa ko ana ha-maza-ha-mata.

Na shiga wani kanti a kasuwa. Mai kantin ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini wata sabuwa fil a kwalinta, mai faɗin fuska. Ya ce wannan har magana take yi, kuma da faransancin ƙasarku. Ya kunna, sai ga muryar mace tana gaishe ni. Ni kuwa baki har kunne, ko arahar da ya yi mini ba ta sa na yi tunani ba.

A cikin gari lafiya lau. Muna barin Gatrun, inda shimfiɗaɗɗiyar hanya ta ƙare yashi ya fara, fuskar ta yi fari fat, sai ɗan hoton mota shi kaɗai a tsakiya. Matar ta ce in juya in koma. Na ci gaba. Ta sake cewa in juya in koma. Haka ta wuni tana yi har muka yada zango, direbobi suka kewaye motata suna dariya har da riƙe ciki.

"Isufu, Madam ta ce ka koma gida! Ka bi umarni mana!"

Ashe ta mutanen birni ce, masu neman lungu da kwana, ba ta san komai game da yashi ba. Da na dawo na kai wa mai kantin, ya kalle ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba. Na tuna ba ni da takarda, na tuna Rakiya ita kaɗai a ɗaki, na kwashi Madam na fito.

Labarin Madam ya riga ni zuwa ko'ina. Wata rana a Gatrun ina zaune jikin bango inda direbobi ke shan shayi suna jiran lodi, wani tsoho daga cikin Tubawa ya matso kusa da ni, dogo, siriri, idanunsa sun yi yana. Tsoho Barka ke nan, wanda ya fara jan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar nan tun ba a haife ni ba.

"Kai ne mijin Madam?"

Na ce, "Baba, kai ma?"

Ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar jepeyes, duk ta kokkoɗe, an ɗaure bayanta da roba. Ya ce, "Wannan ba ta magana, nuni kawai take yi. Ido ya ƙi, na bar hanya. Zan sayar maka, amma da kayanta."

"Wane kaya kuma, Baba?"

Ya ce in kunna. Sai ga ɗigo-ɗigo birjik tun daga Gatrun har Agadas, abin da direbobi ke kira puwan, wato wurin da mutum ya taɓa tsayawa ya adana a cikin na'ura. Akwai rijiyoyi, akwai mashigan duwatsu, akwai wuraren da yashi ke cin mota. Amma wasu sunayen mutane ne a jikinsu: Zara, Musa Ƙarami, Mutanen Kamiyo, Baƙo. Bakina da ba ya shiru, na ce, "Baba, duk waɗannan gidajen 'yan mata ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kaburbura ne."

Ya ce duk mutanen da ƙishirwa ta kashe ne, ya tarar da su a hanya ya rufe su da hannunsa. Wanda ya ga suna a jikinsa ya sa sunan, wanda bai gani ba ya ce Baƙo. A kan kowane kabari ya kafa tsohuwar taya, gabas da tayar kuma, taku kaɗan, ya binne bidon ruwa, sadaka ga mai kabarin, don kada wani ya sake mutuwa a inda wani ya mutu.

"Ga sharaɗina," in ji shi. "Kada ka goge su. Wanda ya tambaye ka, ka ba shi, ni ma na ba mutane da yawa. In ka bi ta kusa kana da ragowar ruwa, ka ratse ka duba. Dakor, ka yarda?"

Na ce dakor. Gaskiya a lokacin hankalina yana kan rijiyoyin da mashigan, da ranar da zan shiga gaba wasu su sha tawa ƙurar.

Ranar kuwa ta zo. Jepeyes ɗin Tsoho Barka ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na je Dirku na dawo, na je Bilma ɗaukar dabino da gishiri, har Agadas na kai kaya sau da yawa na ga iyayena. Masu tsokanata da Madam suka koma tambayata yaushe zan tashi. Alƙawarin kuwa ina cikawa, amma da ƙunƙuni. Ratse hanya cin isans ne, wato man mota, ga haƙa cikin rana, ga abokan tafiya suna danna maka oda. Na tuna ranar da na je Baƙo, can arewa da Sigidin, nesa da babbar hanya. Na tono na tarar bidon Tsoho Barka ya tsage ruwan ya tsiyaye. Na sauke nawa guda biyu, rawaya, irin na man girki, na ɗaure su da jar igiya na binne, ina mita ni kaɗai: wane mahaukaci ne zai biyo ta nan? Na yi wa mai kabarin Fatiha na tafi.

Sai Rakiya ta samu ciki. Ba na fari ba ne, amma na baya duk ba su zauna ba, mun sha kuka a ɗakin nan na Sabha ba mai lallashinmu. Wannan ya zauna, ya girma. Da ya fara tsufa ta ce, "Maigida, ka kai ni gida. Haihuwar fari gaban uwa ake yin ta. Ba zan durƙusa a garin da ba ni da mai riƙe mini hannu ba." Ban yi musu ba, don ko al'ada ba ta ce ba, hankali ya ce. Na yi mata shimfiɗa mai taushi a gaban mota, na cika bido-bido da ruwa. Muka ɗauki fasinja ɗaya, Hajiya Ayya, wata dattijuwa mai fataucin dabino da za ta koma Bilma. Na ji daɗin samunta, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A sahara mota ɗaya ba ta tafiya. Doka ce da ba a rubuta ba: biyu-biyu, na gaba yana duba na baya, in ɗaya ya tsaya ɗaya ya tsaya. Na haɗu da wani direba mai suna Almu, wanda na ɗan sani sama-sama, muka yi magana za mu tafi tare har Dirku.

Har muka ƙetare iyaka a Tummo ba abin da ya faru, sai zafi. Bayan nan ne Almu ya ce ya ji labarin 'yan fashi a babbar hanya, mu ratse ta yamma, ya san wurin. Daga baya na gane kayan da ya ɗauko ne ba ya so a gani. Na bi shi. Muka shiga wani fili mai tsakuwa, yana gudu kamar ana korarsa. A nan dutse ya yi tsalle ya bugi radiyato, tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Allurar zafin inji ta hau. Na tsaya na zuba ruwa, na bi shi. Ta sake hawa, na sake zubawa. Da na samu sarari na bar injin ya huce na nemo hujin, da ba a kai ga haka ba, amma Almu ba ya jira, ni kuma ina tsoron ya ɓace mini. Haka na yi ta ɗura wa mota ruwan shanmu har ta yi tari ta tsaya.

Almu ya juyo, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya leƙa injin ya ce, "Wannan babban pan ne, ɓaci ne ba ƙarami ba. Bari in kai kaya Sigidin in dawo maka da ruwa da mai gyara, kafin la'asar ina nan."

Na ce, "To ɗauki matan nan ka tafi da su."

Ya dubi cikin Rakiya ya kau da kai. "Ka ga motata ba wuri. Kuma ni ba na ɗaukar mai ciki ta haihu mini a hanya."

Hajiya Ayya ta ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah." Ya ce ai yanzu zai dawo. Muna kallo ƙurarsa ta yi nisa ta ɓace.

La'asar ta yi, magariba ta yi. Gari ya waye, rana ta sake take tsakiya. Na ɗaura bargo a jikin mota na yi wa matan inuwa. Na kwance radiyato na gano jijiyar da ta fashe, na lanƙwashe ta na matse, na tauna dabinon Hajiya na kwaɓa da sabulu na liƙe. Gyara ya yi, amma me za a zuba? Abin da ya rage mana a gindin bido bai kai a yi alwala biyu ba. Da murfi muke sha, ni da Hajiya mukan jiƙa leɓe mu miƙa wa Rakiya. Na zagi Almu, na zagi dutsen, na zagi kaina, har Hajiya ta ce, "Isufu, zagin nan yawu yake ci, adana abinka."

Da yamma Rakiya ta kira ni a hankali. Leɓunanta sun tsattsage. Ta kama hannuna ta ɗora a cikinta ta ce, "Tun safe bai motsa ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ko ranar da aka ɗora mini bindiga a ka a Sabha.

Na kunna jepeyes, wadda na kashe don tattalin batir. Sigidin ta yi nisan da ƙafa ba za ta kai ba. Babbar hanya ma haka. Amma ga wani ɗigo can gefe, kilomita goma da 'yan kai: Baƙo. Tun jiya na gan shi, na kau da kai. An fi shekara rabona da wurin. In na je na tarar wani ya shanye, ko bidon ya tsage kamar na Tsoho Barka, ba ni da ƙarfin dawowa, na bar mata biyu ke nan su kaɗai, ba mai ko rufe su. In kuma na zauna, wataƙila Almu ya dawo. Na faɗa musu duka, ban rage komai ba.

Rakiya ta ce, "Kai ka binne ruwan da hannunka?"

"Ni na binne."

"To ka je. Almu ba zai dawo ba, kai ma ka sani. In mutuwa ce, gara ta same mu muna nema."

Da asuba na yi taimama na yi salla. Na cire jepeyes daga mazauninta, na ɗauki shebur da buhu da igiya. Hajiya ta tsiyaye ragowar ruwan a murfi ta miƙo mini, na ce a ba Rakiya. Ta ce, "Sha, ɗan nan, kai ne ƙafarmu." Na sha. Ta cusa mini ƙwallon dabino a baki ta ce in riƙa tsotsa.

Tafiyar nan ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Fili ne fetal, ko'ina iri ɗaya, in ka juya sau biyu ba ka san inda ka fito ba. Nakan kunna na'urar in ga inda kibiya ta nuna, in kashe, in sa wani dutse a gaba in bi. Alamar batir tana ta raguwa. Rana ta ɗago, harshena ya yi nauyi a baki. Na fara yi wa Tsoho Barka magana a fili kamar yana gefena, ina ce masa, Baba, in ka san babu komai a can ka faɗa mini tun yanzu. Har Madam na tuna, na ce da ita ce da tuni ta ce in juya in koma. Na yi dariya, leɓena ya fashe.

Da na'urar ta nuna na iso, ban ga taya ba. Yashi ne kawai ya yi tudu. Na yi ta kewaya wurin ina caka shebur, can na ji ya daki wani abu mai tauri. Na share, sai ga baƙin gefen taya. Na ce, "Assalamu alaikum, Baƙo." Na fuskanci gabas na yi 'yan takun, na durƙusa na fara haƙa.

Abin da na fara cin karo da shi jar igiyata ce. Na ja, bidon rawaya ya taso ba nauyi. Na biyun ma haka. Babu ko ɗigo, an shanye, an mayar da murfi an rufe da kyau.

Na zauna daɓas. Ban yi kuka ba, babu ruwan yin sa. Na ce shi ke nan, Rakiya, na kashe ki. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ina zaune ina kallon ramin sai na ga wani ɗan zare ya leƙo a gefe, irin na buhun gero. Na sa yatsa na ja, ya ƙi fitowa. Na watsar da shebur na shiga tono da hannu biyu.

Bido ne, irin wanda matafiya ke saya a tashar Agadas, wanda ake ɗinke shi cikin buhu don ruwa ya yi sanyi. Na ɗaga, ya ƙi ɗaguwa. Nauyi! Na tono gefensa, ga wani, ga kuma wani ƙarami. Duk cike, an naɗe bakinsu da leda an ɗaure tam. Wanda ya sha nawa ruwan ya rayu, ya kuma dawo har wannan ƙurmus ɗin ya mayar, har da ƙari. A jikin babban an rubuta suna da baƙin fenti, kamar yadda matafiya ke yi don kada bidonsu ya ɓace a mota: Salihu.

Na buɗe ƙaramin na sha kaɗan-kaɗan. Ruwan ɗumi ne, yana warin roba, ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Sai a lokacin kukan ya zo. Na yi sujada a kan yashin nan mai zafi, na yi wa Baƙo addu'a, na yi wa Tsoho Barka, na yi wa Salihu, ko wane ne shi.

Ban kwashe duka ba. Na bar ɗaya na mayar da yashi, don ban san wa ke bayana ba. Na sa babban a buhu na ɗaure da igiya ina ja, ƙaramin a kafaɗa. Batir ya mutu tun ban yi rabi ba, amma sawuna na nan, iska ba ta tashi ba, Allah Ya rufa asiri. Rana ta karkata sanda na hango bargon. Hajiya ce ta fara ganina, ta miƙe tana son yin guɗa, muryar ta ƙi fita.

Ita ta hana ni ɗura wa Rakiya ruwan gaba ɗaya. Ta jiƙa gefen mayafinta ta goga mata a leɓe, sannan murfi-murfi, da ɗan dabino a ciki. Ni kuma na cika radiyato ina kallon liƙin nan kamar in yi masa magana. Bai ɗiga ba. Na jona jepeyes a mota ta farfaɗo, na sa Sigidin a gaba, muka kama hanya a hankali, in allura ta motsa in tsaya ta huce.

Muna cikin tafiya sai Rakiya ta damƙe hannuna da ke kan giya. Na taka birki a firgice. Ta ja hannun ta ɗora a cikinta. Sai na ji an harbe ni, ƙaramin harbi, sannan wani.

"Ka ji ɗan banza," in ji Hajiya daga baya, tana share ido. "Ashe barci yake, mu muna nan muna mutuwa."

Mutanen Sigidin ba su san mu ba, amma da suka ga yadda muka shigo, wata mata ta kama Rakiya ta shige da ita gida, aka dama mata kunu, aka yi mata shimfiɗa a inuwar dabino. Na tambayi labarin Almu, aka ce ya wuce tun shekaranjiya, ko tsayawa bai yi ba, bai kuma ce akwai kowa a bayansa ba. Na same shi a Dirku yana shan shayi. Ya miƙe yana cewa ai yanzu yake shirin komawa. Duk wanda ya san ni ya zaci za a yi ta. Ni ma na zata. Na dube shi, na ga ba ni da sauran wurin ajiye shi a zuciyata, ta cika da wani abu daban. Na faɗa wa direbobin da ke wurin abin da ya faru, a gabansa, na juya. Tun daga ranar ban ji wanda ya sake yarda ya haɗa tafiya da shi ba.

Daga Dirku na samu waya na kira Tsoho Barka. Na rattaba masa komai, ina godiya ina maimaitawa. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Matar lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ka mayar?"

"Na bar ɗaya, Baba. Sauran sai na kai ta gida."

"To kada ka daɗe," in ji shi, ya kashe wayar.

Muka rabu da Hajiya Ayya a nan, ta cika wa Rakiya zane da dabino ta ce na mai jego ne. Muka bi ayarin motoci har Agadas. Da hasumiya ta bayyana Rakiya ta ce in tsaya, ta kalle ta kawai, sannan ta ce mu je. A ɗakin mahaifiyarta ta sauka, bayan 'yan makonni, namiji, mai ƙarar murya kamar ubansa.

Ana gobe suna mahaifina ya kira ni. Kowa ya ɗauka sunansa zan sa, ɗan fari ne, shi ma na san ya sa rai. Na durƙusa na ce, "Baba, ina neman alfarma. Salihu nake so a sa masa."

Ya ce, "Wane Salihu ne a danginmu?"

"Babu."

"Abokinka ne a can?"

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba, Baba. Ban san garinsu ba, ban san ko yana raye ba. Wataƙila ma ba shi ya binne ba, wani ne ya tsinci bidonsa ya cika. Sunan da na gani ke nan."

Na shiga mota na ɗauko bidon na ajiye a gabansa, na ba shi labari tun daga Gatrun. Ya daɗe yana shafa buhun da hannu, yana bin rubutun da yatsa. Sannan ya ce, "Ni ina nan, ana ganina kullum. Sa masa Salihu." Da safe shi da kansa ya raɗa wa liman.

Ban jira an yi arba'in ba. Na je tasha na sayi sababbin bido, na sa aka ɗinke su cikin buhu. Mai ɗinkin ya ɗauko fenti ya ce wane suna za a rubuta, na faɗa masa. Na samu abokin tafiya na kirki, na ce masa akwai inda za mu ratse, in bai yarda ba ya faɗa tun yanzu. Da muka isa na share tayar na ɗaga ta sama yadda za a hango, na tono ramin. Wanda na bari yana nan. Na jera sababbin a gefensa, na naɗe bakinsu da leda na ɗaure tam, yadda na tarar an yi.

Abokin tafiyar yana tsaye yana kallo, ya karanta sunan ya ce, "Wane ne Salihu?"

Na ce, "Wanda ya ba mu ruwa, da wanda ya sha."

Na mayar da yashi.